"Da Sauƙi" Ba Ma'auni Ba Ne: Ƙorafi Kan Yadda Ake Gashin Ciwon Baya



Akwai tambayar da amsarta ɗaya ce a bakin Bahaushe, ko yana Kano ko yana Damagaram, ita ce "Ya jiki?" Ka je dubiya ka tarar da mutum an ɗaura masa ruwa, numfashi da ƙyar, ka ce "Sannu, ya jiki?" zai ce maka "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Washegari ka ji ana sanarwar jana'izarsa. Ba ƙarya ya yi maka ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, ba a raki, ba a ɗora wa wanda ya zo gaisuwa nauyi, kuma ba a butulce wa Mai bayar da lafiya. Amsa ce mai kyau a zaure, ba na kuma neman a daina ta. Ƙorafina shi ne an ɗauko ta daga zaure an shigar da ita ɗakin gashin ƙashi, an mai da ita ma'aunin da ake gane ko magani ya yi aiki.

Duk wanda ya taɓa yin gashin ciwon baya, ko ya taɓa raka mahaifiyarsa, ya san tsarin a wurare da yawa. A kwantar da mutum rub da ciki, a haska masa jar fitila, a manna masa wayoyin lantarki su yi ta tsikarar fata, a shafa mai a murza, a ce ya dawo jibi. Jibi a tambaye shi "Baba, ya jikin?" ya ce "Da sauƙi." A rubuta a kati cewa yana samun sauƙi. Bayan zuwa 10 ko 12 ya daina zuwa, a rufe kati. Ka tambayi wanda ya yi aikin: da ya zo ranar farko ciwon nawa ne, da ya tafi nawa ya rage? Me ya kasa yi a da wanda yanzu yake iyawa? Sai a yi shiru, domin ba a auna ba. Matsayata a wannan rubutu ita ce, duk wanda ya karɓi kuɗin mai ciwon baya bai auna halinsa a farko da tsakiya da ƙarshe ba, bai san abin da ya yi ba, kuma ba shi da hurumin cewa shi ya warkar. Ba zargin mugunta nake yi wa likitocin fisiyo ba. Akwai masu ƙwazo a cikinsu da suke aunawa tsakani da Allah, su ma wannan rubutu kariya ne gare su.

Mu fara da girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050. Shi ne kan gaba a duk cututtukan da ke hana ɗan Adam aikinsa na yau da kullum. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ba a iya nuna takamaiman wuri a ce ga ƙashin da ya lalace ko ga jijiyar da ta danne. Ke nan ciwo ne da ba a gani a jini kamar zazzaɓin cizon sauro, ba a auna shi da na'ura kamar hawan jini. Abin da mai shi ya faɗa da abin da yake iya yi su ne kaɗai shaida. In an bar wannan shaida a hannun kunya da kara, me ya rage?

Kunya ma ita ce ƙaramar matsalar. Ko da mutum ya faɗi gaskiyarsa cewa ya ji sauƙi, wannan bai nuna gashin ne ya kawo sauƙin ba, saboda dalilai huɗu.

Na farko, sabon ciwon baya yakan lafa da kansa. A 2012 an buga wani nazari da ya tattara bincike 33 da aka yi a ƙasashe daban-daban. An gano masu sabon ciwo suna farawa da matsakaicin maki 52 a cikin 100 na zafin ciwo, bayan mako 6 makin ya sauko zuwa 23. Fiye da rabi ya tafi a mako 6. To, mako nawa ake ɗauka ana zuwa gashi sau biyu a mako har zuwa 12? Mako 6 cif. Lokaci da jiki su yi aiki, a yaba wa fitila. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na biyu, ba wanda ke zuwa asibiti ranar da bayansa ya yi lafiya. Tsohon ciwon baya hawa da sauka yake yi, yau ya matsa, gobe ya saki. Ranar da ya fi matsawa ita ce ranar da ake neman adaidaita sahu a tafi asibiti. Wanda ya zo a ƙololuwar ciwonsa, mako mai zuwa galibi zai fi yau dama, ko an taɓa shi ko ba a taɓa shi ba. Masana lissafi sun san wannan tun zamanin Francis Galton, wanda ya yi rubutu a kai a 1886, cewa abin da ya yi nisa daga matsakaicinsa yakan dawo kusa da shi in an sake aunawa. A kan wannan doka mai maganin basir a bayan mota da lasifika yake cin abinci, a kanta wanzami mai ƙaho yake ci, a kanta mai na'urar lantarki ma yake ci. Dukkansu suna da masu shaida na gaskiya, domin dukkansu ana zuwar musu ne a mummunar rana.

Na uku, kulawa da kanta tana sanyaya ciwo na ɗan lokaci. A karɓe ka da fara'a, a taɓa inda ke maka ciwo, ka ga farar riga da na'ura mai ƙyalli, dole ka tashi da ɗan sauƙi. Ba laifi ba ne, amma ana iya samun wannan ko da na'urar a kashe take.

Na huɗu, wanda bai ji sauƙi ba ba ya dawowa ya faɗa. Bahaushe ba ya zuwa ya ce wa likita "aikinka bai yi ba." Zamewa yake yi ya tafi wajen maɗori ko kemis. Waɗanda suka rage a kan benci su ne masu jin daɗi, su likita ke gani kullum, sai ya ɗauka kowa haka yake. Mai shagon da ba ya rubuta bashi kullum gani yake yana cin riba.

Kada wani ya ce wannan duk surutun makaranta ne. Ga abin da awo ya tona. Shekara da shekaru likitocin duniya suna cewa farasitamol shi ne maganin farko ga sabon ciwon baya, kowa ya yarda, marasa lafiya ma suna cewa yana yi musu aiki. A 2014 mujallar Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Ostareliya da mutum sama da 1,600. An ba wasu farasitamol, an ba wasu ƙwayar wofi wadda babu magani a cikinta, ba wanda ya san abin da ya sha. Masu farasitamol sun warke a tsaka-tsakin kwana 17, masu ƙwayar wofi kwana 16. A 2023 aka buga sakamakon irin wannan gwaji da aka sake yi a can da magunguna masu ƙarfi dangin ofiyom, da mutum 347 masu sabon ciwon baya ko wuya, bayan mako 6 ba su fi ƙwayar wofi ba. Da "da sauƙi" aka dogara, har gobe ba za a gano wannan ba, domin duka ɓangarorin biyu sun ji sauƙi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wani zai ce ai akwai hoto, gani ya kori ji. A nan ne ma aka fi cin kuɗin mutane. Tun 1994 wasu likitoci a Amurka suka ɗauki hoton MRI na bayan mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan. Kashi 52 cikin 100 an ga faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya kumburo, kashi 36 ne kawai aka samu duk faya-fayansu lafiya lau. A 2015 wani nazari ya nuna a cikin masu shekara 20 da ba sa jin ciwo, kashi 37 hotonsu na nuna faifan ya fara zaizayewa, a cikin masu shekara 80 kuwa kashi 96. Wato furfura ce ta cikin jiki. Mutum na iya warkewa sarai ya koma gona hotonsa bai canza ba, wani kuma hotonsa tas amma ba ya iya ɗaura takalmi. Hoto yana da ranarsa, in ana zargin karaya ko ƙari ko tarin fuka na ƙashi, ko ana shirin tiyata. Amma ba da shi ake gane ko gashi ya yi amfani ba. Illarsa ma ita ce a nuna wa manomi hoto a ce "ƙashin bayanka ya cinye," ya koma gida ya kwanta, ya ji tsoron sunkuyawa, kwanciyar kuwa ita ke ƙara daɗe da ciwon.

To da me ake aunawa? Abin takaici shi ne kayan awon sun daɗe a duniya, kuma takarda da biro kawai suke buƙata.

Akwai ma'aunin zafi: daga 0 zuwa 10, inda 0 babu ciwo, 10 kuma ciwon da ba ka taɓa tunanin akwai wanda ya fi shi ba, yau kana nawa? Daƙiƙa 10 ta isa.

Akwai takardar Oswestry, wadda Jeremy Fairbank da abokan aikinsa suka fitar a 1980, sunanta kuma na wani gari ne a Ingila inda asibitin ƙashin da aka tsara ta yake. Sashe 10 gare ta: zafin ciwo, kula da kai kamar wanka da sa tufafi, ɗaga kaya, tafiya, zama, tsayuwa, barci, kwanciyar aure, hulɗa da jama'a, da tafiye-tafiye. Kowane sashe maki 0 zuwa 5, a haɗa a mai da shi kashi cikin 100. Daga 0 zuwa 20 naƙasun kaɗan ne, 21 zuwa 40 matsakaici, 41 zuwa 60 mai tsanani, sama da haka kuwa ciwon ya mamaye rayuwar mutum.

Akwai ta Roland da Morris, ta 1983, jimloli 24 da mutum zai ce e ko a'a, a ƙirga e ɗin.

Akwai kuma wadda na fi ƙauna, wadda aka fitar a Kanada a 1995. Ita ba ta zo da tambayoyinta ba. Marar lafiya ne zai faɗi abubuwa uku zuwa biyar da ciwon ya hana shi, ya ba kowanne maki daga 0, ba ya iyawa sam, zuwa 10, yana yi kamar da. Tsohuwa za ta ce ruku'u da sujada, da tsugunno a bayan gida, da goyon jikanta. Manomi zai ce riƙe fartanya. Tela zai ce zama a kan keke daga safe zuwa azahar. Matar aure za ta ce daka da wanki a sunkuye da jawo guga daga rijiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan wata guda a dawo kan waɗannan abubuwan dai a sake tambaya. Babu kunya a nan, domin ba "ya jiki" aka ce ba, cewa aka yi "Hajiya, sallar asuba a tsaye kika yi ko a zaune?" Wannan tambaya ba a amsa ta da "da sauƙi."

Lamba kaɗai ba ta isa ba sai an san canjin da ya kai a kira shi canji. Kowane ma'auni yana rawa kaɗan, kamar yadda mudun masara biyu ba sa zama daidai ƙwaya da ƙwaya. Shi ya sa a 2008 masana daga ƙasashe da dama suka yi ittifaƙi a kan iyaka: saukar maki 2 a ma'aunin zafi, maki 10 a Oswestry, maki 5 a Roland da Morris, ko kuma raguwar kashi 30 cikin 100 daga inda mutum ya fara. A ce direba ya zo da maki 46 a Oswestry, bayan zuwa 8 yana 42. Zai ce da sauƙi, likita ma zai ji daɗi. Amma takarda ta ce maki 4 ne, bai kai rabin iyaka ba. Ma'ana a tsaya, a sake duba shi, a canza hanya, kada a sake sayar masa da wani zuwa 8 na abin da bai yi ba. In kuwa ya sauko 30, an tsallake iyaka, a ci gaba, a fara shirin yaye shi. Amfanin awo ke nan: yanke shawara a kan aljihu da lafiyar mutum ɗaya da ke zaune a gabanka.

A nan dole in yi adalci a kan hujjata. Awon mutum ɗaya yana nuna ko ya samu sauƙi, ba ya nuna abin da ya kawo sauƙin. Wannan sai gwajin da aka raba mutane gida biyu aka kwatanta. Amma awo yana da ikon da ya ishe mu: yana nuna lokacin da abu bai yi ba. In lokaci da kulawa da saukar ciwo da kansa duk suna taya ka, amma makin bai motsa ba, to wallahi babu sauran uzuri.

Me irin waɗannan gwaje-gwaje suka ce game da na'urorin da muke ƙauna? A 2016 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta fitar da jagora kan ciwon baya. Ta ce kada a yi amfani da na'urar jan ƙugu, kada a yi da na'urar lantarki da ake mannawa a fata, kada a yi da na'urar sauti da ake gogawa da mai, kada a ba da ɗamarar ƙugu. Ta ce a ƙarfafa motsa jiki da ci gaba da harkokin yau da kullum, tausa da murza gaɓoɓi kuwa sai a haɗe da motsa jiki. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata jagoran kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta sa ilimantar da marar lafiya da tsararren motsa jiki a cikin abin da za a yi, ta sa ɗamara da jan ƙugu da magunguna dangin ofiyom a cikin abin da bai kamata a riƙa bayarwa ba. Yanzu ku duba waɗanne ne suka fi tsada, waɗanne ne kuma ke sa mutum ya yi ta dawowa. Wanda aka koya wa motsa jiki zai yi a ɗakinsa kyauta. Wanda aka saba wa fitila sai ya biya kuɗin mota ya zo inda fitila take. Ba sai na ce komai ba.

Mu ma marasa lafiya da hannunmu a ciki. Likita ya zauna da mutum minti 30 ya yi masa bayani, ya koya masa atisaye, sai ya fito yana cewa "ba su yi mini komai ba, surutu kawai." In ba a jona mu da wuta ba, ko ba a yi mana allura ba, gani muke an cuce mu. Likitan da ke son ya yi daidai yana fafatawa da maƙwabcinsa mai na'ura huɗu, kuma ba shi da abin da zai kare kansa da shi sai takardar awo. Da ita ce zai ce "Alhaji, ka zo da 7, yau kana 3, kuma jiya ka yi ruku'u."

Ƙin awo ba ciwon ƙasarmu kaɗai ba ne. A birnin Boston na Amurka an yi wani likitan tiyata, Ernest Codman, wanda ya dage cewa kowane asibiti ya bi kowane marar lafiya har shekara guda bayan aiki, ya rubuta ko ya warke, in bai warke ba a nemi dalili. Abokan aikinsa suka ƙi, a 1914 ya ajiye aiki a babban asibitin Massachusetts. A ƙaramin asibitin da ya buɗe da kansa ya buga sakamakon marasa lafiya 337 da ya duba tsakanin 1911 da 1916, ya lissafa kurakurai 123 da hannunsa, kowa ya gani. An tsangwame shi, ya rasa abokan ciniki. Yau ana ɗaukarsa uban wannan fanni. Wanzami ba ya son jarfa, ko a Boston.

Na san hujjojin da za a kawo, bari in tare su.

Za a ce babu lokaci, layi ya yi tsawo, ma'aikata kaɗan ne. Gaskiya ne likitocin fisiyo sun yi mana ƙaranci ƙwarai. Amma wannan hujja tawa ce, ba tasu ba. In gado 4 gare ka da mutum 40 a layi, kai ka fi kowa buƙatar sanin wa ya warke a sallame shi, wa ba ya amfana a tura shi gaba. Ma'aunin zafi da ayyuka uku ba su kai minti 3 ba. Mutumin da ke kwance minti 15 a ƙarƙashin fitila, me ya hana a tambaye shi a lokacin?

Za a ce kayan Turawa ne, mutanenmu ba sa jin Turanci. Wannan uzuri ya mutu. Masu bincike a Kano sun fassara takardar Oswestry zuwa Hausa, suka gwada ingancinta a kan masu ciwon baya, aka buga a mujallar Spine a 2019. Ta Roland da Morris ma an yi mata Hausa, kamar yadda aka yi mata Yarabanci da Ibo. 'Ya'yanmu ne suka yi wannan wahala. Abin kunya ne aikin ya tsaya a mujalla, Turawa su karanta, tsohuwar da aka yi domin ta ba ta taɓa jin tambaya ɗaya daga ciki ba.

Za a ce da yawa ba su iya karatu ba. A karanta musu. Wadda ke lissafin adashi na mutum 20 a ka, ta san wa ya zuba wa bai zuba ba, ita ce za ta kasa zaɓar lamba tsakanin 0 da 10? A zuba mata ƙwayar wake 10 a faranti a ce ta ware gwargwadon ciwonta. Tambayar kwanciyar aure kuwa, in ta yi nauyi a tsallake ta, tsarin takardar ya yarda a yi lissafi da sashe 9.

Za a ce ciwo ba ya shiga lamba, 7 ɗina ba 7 ɗinka ba ne. Haka ne. Amma ba ni da kai ake kwatantawa ba, 7 ɗina na watan jiya ake kwatantawa da 4 ɗina na yau. Wanda ya ce lamba ba ta ɗauke duk labarin ciwo ya yi gaskiya, sai dai "da sauƙi" ba ta ɗauke ko kaɗan.

Hujja ɗaya ce nake girmamawa: ana iya murɗe awo. In likitan da ya yi gashin shi ne ke tsaye a kanka da biro, kara za ta sa ka rage lamba. In an ce za a hukunta ma'aikaci da makin marasa lafiyarsa, zai fara gudun masu tsohon ciwo. Maganin wannan shi ne wani daban ya yi tambayar, a bayyana wa marar lafiya cewa gaskiyarsa taimako ce ba rashin kunya ba, a kuma bi waɗanda suka daina zuwa da kiran waya. Don ana samun mai tauye mudu ba a taɓa cewa a daina awo a kasuwar Dawanau ba.

Abin da ke kan faifai ya wuce kuɗi, ko da yake kuɗin ma ba wasa ba ne ga wanda ya sayar da akuya ya zo birni. Mutumin da gashi bai yi wa aiki ba, kuma ba wanda ya lura, kemis yake komawa. Ya yi ta shan dikulofenak wata da watanni, maganin da ke iya ƙwaƙule ciki ya taɓa ƙoda. Ko ya faɗa tiramadol, kuma ba sai an gaya wa ɗan Arewa abin da tiramadol ya yi mana ba. Mafi muni, a cikin masu ciwon baya akwai 'yan kaɗan da nasu ba na gashi ba ne: tarin fuka da ya kama ƙashin baya, ƙari, karaya, ko matsewar jijiyoyin ƙasan laka. Ciwon da ke tare da zazzaɓi da rama, ko wanda ba ya lafawa ko a kwance, ko ƙafa ta fara rauni, wannan na komawa wurin likita ne a bincika. In kuwa fitsari ko bayan gida ya fara kuɓucewa ko ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓawa, a ranar ake zuwa asibiti, ba gobe ba. Makin da ke hawa mako bayan mako ƙararrawa ce. Wanda ba ya aunawa ya cire wa ƙararrawar batir, yana ta haska fitila a kan tarin fuka.

Don haka ga abin da nake nema. Ga mai ciwo da mai raka shi: ranar farko ka ce a rubuta makinka, ka faɗi ayyuka uku da kake son komawa yi, ka tambaya zuwa nawa za a yi kafin a sake aunawa, da abin da za a yi in bai sauka ba. Ka kwafi lambobin a wayarka. Ba rashin ladabi ba ne, tela ma tef yake sawa kafin ya yanka shadda, kuma ba ka taɓa jin ya yi fushi don an tambaye shi awo ba. Ga likitocin fisiyo: kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, askin kuwa ya haɗa da rubuta abin da ya fito, mai daɗi da marar daɗi. Ga hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista a Nijeriya, wadda aka kafa da doka tun 1988, da shugabannin sassan gashi a asibitoci: ku mai da awo sharaɗi, katin da babu makin farko da na ƙarshe a ɗauke shi katin da bai cika ba, a kuma buga takardun Hausar a ajiye a kowane tebur.

Mu kuma masu riƙe alƙalami, mun fi kowa sanin ƙarfin labarin mutum ɗaya. Da shi ake tallar magani a rediyo: "Na yi shekara bakwai ba na miƙewa, kwalba ɗaya na sha." In an kawo mana irin wannan mu rubuta ko mu yaɗa, mu tambaya: mutum nawa suka sha, nawa suka miƙe, ina sauran?

Wanda ya taɓa yin gashin baya aka auna shi da lamba tun daga farko har ƙarshe, ya faɗa mana, in yaba wa wurin da bakina. Likitocin fisiyo da ke cikin wannan zaure kuma, fili naku ne, ku zo da hujja. Sai dai ku zo da ita a lissafe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa. Sai mako mai zuwa.